Daga Madafa: Tataccen Kindirmo Da Kokwamba

A manyan kantunan Abuja da Kaduna da Jos akwai wani abu da ake sayarwa cikin 'yan ƙananan robobi, an rubuta masa suna wai yogot na ƙasar Girka, kuɗin roba guda kuwa ya isa ya cika wa mutum babbar ƙwarya da nono a bakin kasuwa. Masu hali suna saye, suna haɗa shi da kokwamba da tafarnuwa, su zuba a gefen gasasshen nama, baƙo ya ci ya yi santi, ya tafi yana tsammanin an kawo masa wani abu ne daga bayan teku. To, abin da nake so in gaya muku yau shi ne, wannan abu ba kome ba ne illa kindirmo da aka zuba cikin ƙyalle aka tace ruwansa. Matar da ke zaune a Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa, tana da duk abin da ake bukata a kusa da ƙofar gidanta, sai dai akwai sharaɗi guda wanda in ba a cika shi ba gara a bar abin gaba ɗaya, za mu kuwa zo gare shi.

Girkawa suna kiran wannan haɗi tsatsiki. Amma fa ba su kaɗai ke da shi ba, ba ma su suka raɗa masa suna ba, domin kalmar daga wajen maƙwabtansu Turkawa ta fito, waɗanda ke ce masa jajik, kamar yadda ita kanta kalmar yogot ta Turkanci ce. Mutanen Farisa suna da irin nasu, mutanen Indiya suna da nasu da suke kira raita, wanda suke kashe zafin barkono da shi. Kwarori 'yan Labanan da suka daɗe a Kano da Jos su ma suna tace nasu har ya yi kauri kamar man shanu, suna ce masa labne, su shafa a gurasa. Abin mamaki ma, mutumin da ya sa sunan yogot na Girka ya cika Amurka, watau Hamdi Ulukaya mai kamfanin Chobani, ɗan ƙasar Turkiyya ne, Bakurde, daga gidan makiyaya ya fito, ya kafa kamfaninsa a 2005, ya fara fitar da kayansa kasuwa a 2007. Ashe ke nan abincin makiyaya ne ya sa rigar kanti. Mu dai a da abin da muka sani na Girkawa shi ne kantin Leventis, sai kuma sunan ƙasar tasu da ya yi kama da abin da uwargida ke yi wa tukunya a kan murhu.

Na zaɓi Kafanchan ne domin ba na jin akwai garin da wannan haɗi ya fi dacewa da shi a Arewa. Gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 aka gama haɗa hanyar dogo da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi zuwa Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos, sai ƙauyen mutanen Fantsuwam ya zama mahaɗa, har aka dawo da fadar Sarkin Jama'a nan a 1933. Ma'aikatan jirgi da fatake suka zo daga kudu da arewa, kowa da tukunyarsa, saboda haka bakin mutumin Kafanchan ya daɗe da sabawa da baƙon abinci. Jiragen sun daɗe da daina zirga-zirga yadda aka san su a da, amma ƙasar tana nan da albarkarta: damina mai tsawo, rafuka da fadamu inda ake noman rani, ga kuma kayan lambu da ke gangarowa daga tsaunukan Filato, inda sanyi ya karɓi kokwamba da karas da kabeji.

Ga kuma nono. Fulani sun daɗe da zama a wannan yanki, wasu a gefen gonakin manoma, wasu a makiyayar Laduga ta wajen Kachiya. A farkon shekarun 1980 wata masaniya mai suna Ann Waters-Bayer ta zauna da Fulanin Abet, kusa da Zonkwa, tana nazarin yadda matansu ke sarrafa madara, ta kuma fitar da littafi a kan haka a 1988. Abin da ta gano ya kamata masu tsara manufofin kiwo su haddace shi. Maza ne ke tatsa, amma da zarar madara ta shiga ƙwarya ta zama ta mace, ita ke yanke shawarar abin da za a sha a gida da abin da za a kai talla. Ta kuma nuna cewa kuɗin da mace ke samu in ta sarrafa madarar da kanta, ta cire mai, ta dama fura ta sayar, ya fi abin da masana'antun madara ke tayawa in za su saye ta ɗanya. Watau dai matan nan sun san lissafinsu sarai, ko da ba su riƙe alƙalami ba.

Wannan lissafi nasu shi ya kawo mu ga matsala ta farko. Ba kowane farin abu da ke cikin ƙwarya ne zai yi mana wannan aiki ba. Madara ita ce wadda aka tatso yanzu. Kindirmo shi ne madarar da aka dafa, aka bar ta ta kwana ta kama, ba a cire mata mai ba. Nono kuwa, wanda ake dama fura da shi, an riga an kaɗa shi an kwashe man shanun, sau da yawa kuma an sirka shi da ruwa, in ya tsinke ƙwarai shi ne ake kira tsala. Da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, farar saniyar nan tamu ta Bunaji da ƙyar take bai wa mai ita lita guda a yini bayan ɗan maraƙi ya sha nasa. Mai talla tana da bakuna da za ta ciyar, masu saye kuma ba sa yarda a ƙara musu kuɗin ludayi, to sai a ƙara ruwa, a zuba garin 'ya'yan kuka domin ya mayar da kauri da tsami. A wasu garuruwan ma yanzu madarar gari ake damawa, a ɗan sa sitaci, a zuba cikin ƙwarya a rufe da faifai, mai saye ya ɗauka daga ruga ta fito. Ban ga laifin kuka a cikin fura ba, abinci ce mai amfani. Amma irin wannan nono in kika zuba shi a ƙyalle, ko dai ya zube gaba ɗaya ya bar ki da ƙyalle, ko ya toshe ƙofofin ƙyallen ya zauna kamar koko. In kina shakkar sitaci, ki ɗebi cokali guda ki ɗiga masa aidin irin na wanke ciwo: in ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, akwai sitaci. Sai ki zubar da wannan cokalin, kada yaro ya lasa.

Sharaɗin da na ambata tun farko kuwa shi ne tafasa. Wannan haɗi ba a ɗora shi a wuta, yadda aka haɗa haka ake ci, saboda haka duk abin da ke cikin madarar yana nan zai shiga cikin mai ci. Akwai cututtuka biyu da ɗanyar madara ke ɗauka daga dabba zuwa mutum waɗanda ya kamata kowace uwa ta san da su. Ta farko ita ce wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. In ta kama mutum sai ya yi ta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta ba shi maganin cizon sauro da na taifot wata da watanni ba sauƙi. Wani likitan soja ɗan Birtaniya, David Bruce, shi ya gano ƙwayar cutar a tsibirin Malta a 1887, sa'an nan a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Zammit, ya gano cewa daga madarar awaki sojoji ke ɗaukarta. Da aka hana su shan ɗanyar madara sai cutar ta kusa ɓacewa daga barikinsu. Ta biyu ita ce tarin fuka na shanu, wanda a jikin yara ya fi fitowa da kumburin ƙululun wuya ko ciwon ciki mai cin rai. Akwai masu cewa ai tsami yana kashe kome. Tsami yana rage ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma ba ya gamawa da su, ƙwayar tarin fuka ma tana iya yin kwanaki da ranta cikin nono mai tsami. Wuta ce kaɗai maganinta. Masana'antu suna ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30, ke kuwa da ba ki da ma'aunin zafi, ki bar ta ta taso sau ɗaya, kin wuce duka biyun.

Kindirmon da aka riga aka yi ba ya tafasuwa, in an ɗora shi a wuta tsinkewa yake yi ya zama gudaji da ruwa. Don haka hanya biyu ce gare ki. Ko dai ki sayi kindirmo wurin matar da kika sani, kika kuma tabbata tana dafa madararta, da yawa daga cikinsu kuwa suna dafawa, ko kuma ki sayi madarar ki yi naki a gida. Ni na fi son ta biyun, ba ta kuwa da wuya.

Ki sami madara lita biyu, ki tace ta da tsabtataccen ƙyalle saboda gashi da ƙura, ki ɗora a wuta marar ƙarfi kina juyawa don kada ta kama. In ta taso, ki rage wutar ki bar ta kamar minti 5 tana ɗan motsi. Wannan daɗewa a wuta tana da wani amfani bayan kashe cuta, ita ce ke sa kindirmo ya kama da kyau ya yi jiki. Sa'an nan ki sauke, ki rufe, ki jira ta huce har ya zama za ki iya sa wankakken ɗan yatsanki ciki ki ƙirga goma ba ki ji ƙuna ba, watau wajen digiri 43 ke nan. A nan ne mata da yawa ke yin gaggawa. In da sauran zafi, irin da za ki zuba mutuwa zai yi, in kuma ta yi sanyi ƙwarai, ba zai tashi da wuri ba, wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba su riga shi. Irin kuwa shi ne cokali huɗu na kindirmo mai kyau, ko na yogot ɗin kanti wanda ba a sa masa sukari ba. Ki dama shi da 'yar madarar a kofi, ki juye cikin sauran, ki motsa sau ɗaya, ki rufe, ki naɗe mazubin da bargo ko tsohon zane, ki ajiye inda ba za a girgiza shi ba. Awa 6 zuwa 8 ya isa lokacin zafi. Da hunturu kuwa, wanda duk ya kwana a gindin duwatsun Kagoro cikin watan Disamba ya san abin da nake nufi, sai ki bar shi ya kwana kusa da murhu. Abin da ke aikin a ciki wasu 'yan ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu cinye zaƙin madara su mayar da shi tsami. Wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano ɗaya daga cikinsu a 1905, shekaru aru-aru bayan matan ruga sun san yadda ake kiwonsu a gindin ƙwarya. Wannan cinye zaƙi da suke yi shi ya sa mutane da yawa waɗanda madara ke ɓata wa ciki suke shan kindirmo lafiya lau.

Saura tacewa, wadda ita ce dukan sirrin Girkawan. Ki sami farin ƙyalle na auduga, alawayyo ko akoko, wanda ba a wanke da sabulu mai ƙamshi ba, ki tsoma shi a tafasasshen ruwa, ki matse. Ki shimfiɗa shi cikin rariya ko kwando, ki ɗora a kan roba, ki juye kindirmon a hankali, ki rufe saboda ƙuda. Kada ki matsa shi da hannu, ki bar shi ya tsiyaye don kansa. Bayan awa 2 zuwa 3 za ki ga wani ruwa fatsi-fatsi ya taru a ƙasa, abin da ke cikin ƙyallen kuma ya koma kusan rabi, ya yi kaurin da in kin tsayar da cokali a ciki ba zai faɗi ba. In kina da firji kuma an kawo wuta, a ciki za ki yi wannan tacewa. In babu, ki yi ta da asuba a ɗaki mai sanyi, kusa da randa. Wannan raguwa ita ce dalilin tsadar na kanti, amma abin da ya rage ɗin ya tara amfani: sinadarin gina jiki da ke cikin tataccen kindirmo ya ninka na wanda ba a tace ba, wajen giram 9 ko 10 cikin kowane giram 100. Ruwan da ya tsiyaye ma kada a zubar, a kwaɓa fulawar fanke da shi, ko a zuba a ƙullun masa.

Kokwamba ita ce mai yaudara. Kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, in kika yanka ta kika zuba haka nan, kafin a shimfiɗa tabarma ta mayar miki da duk ruwan da kika ɓata awa uku kina cirewa. Ki zaɓi matsakaiciya, mai tauri, koriya shar, ki bar manyan nan da suka fara ja, 'ya'ya ne cike da su. Ki ɗanɗana ƙarshenta ta wajen kara, in da ɗaci ki yanke ki yar. Ki wanke ta sosai da ruwan da kuke sha, sa'an nan ki fere, domin ba kowane lambu ake bai wa ruwa mai tsabta ba, kada ya zama kin tsare ƙofa ta wajen madara ɓarawo ya shigo ta katangar lambu. Ki raba ta biyu a tsaye, ki kankare 'ya'yan da cokali, ki goga ta a abin goga kuɓewa. Ki barbaɗa mata rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki bar ta minti 20, sa'an nan ki zuba a ƙyalle ki murɗe da iyakar ƙarfinki. Za ki yi mamakin ruwan da zai fita. Inda ba a sami kokwamba ba, ɗanyen gurji yana yi, sai dai ƙamshinsa bai kai nata ba.

Haɗawa kuwa aikin minti biyu ne. Ga kofi biyu na tataccen kindirmo, kokwamba guda ta isa. Ki daka tafarnuwa ƙwara ɗaya ko biyu da ɗan gishiri har ta yi laushi, kada ki wuce haka, domin ɗanyar tafarnuwa ƙara ƙarfi take yi in ta zauna, abin da kika ji daidai da hantsi zai iya korar maigida daga ɗaki da dare. Ki matsa rabin lemun tsami, amma ki fara ɗanɗanawa, don kindirmonmu ya fi na Turai tsami, wani lokaci ba ya bukatar ƙari. Girkawa suna zuba cokali guda na man zaitun. Mai shi ta zuba, marar shi ta sa man gyaɗa mai kyau wanda aka soya ya huce, ko man riɗi, ba abin da zai ragu. Suna kuma sa wani ganye nasu mai kama da gashin karas wanda ba a cika samunsa a kasuwanninmu ba, na'a-na'a tana maye gurbinsa, Turkawa ma ita suka fi sawa. Na ga masu goga 'yar ɗanyar citta a ciki, to a ƙasar da ta fi ko'ina noman citta a Nijeriya wa zai hana? Sai dai a sa kaɗan. Ki juya, ki rufe, ki bar shi rabin awa a wuri mai sanyi kafin a ci.

Da me za a ci? Da duk abin da ya fito daga wuta da zafi da yaji: tsire, balangu, gasasshiyar kaza, soyayyar doya, dankalin Turawa na Filato, ko a gefen shinkafa dafa-duka. A kan dambun acca ma yana zama daram. Da gasasshen kifi kuma ya fi kowanne daɗi, ko da yake na san wasu za su ɗaga gira, saboda tsohuwar maganar nan cewa haɗa kifi da nono yana kawo kuturta. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873, ana ɗaukarta ne daga mai ita bayan doguwar cuɗanya, tana kuma da magani. Ba ruwanta da abin da ke cikin akushi.

Abu ne da ba ya son ajiya. In akwai firji mai sanyi yana kwana 2 ko 3 a rufe. In babu, a yi daidai cin yini, abin da ya saura bayan awa biyu a fili cikin zafi kada a ba yaro. Game da yara kuwa, jariri nonon uwarsa kaɗai ya kamata ya sha har wata 6. Bayan haka ana iya ɗibar masa cokali ɗaya ko biyu na tataccen kindirmon kafin a sa gishiri da tafarnuwa, a dama masa cikin kununsa. Ga yaron da aka yaye, wanda kullum koko ne tsurarsa safe da yamma, wannan cokali biyu ba ƙaramin abu ba ne.

A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ce ƙasar nan tana kashe tsakanin dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 kowace shekara wajen shigo da madara, da yawa daga madarar garin da ake ƙullawa a leda kuwa an cire mata man shanunta an maye shi da man itatuwa. Uwargida ba ta da ikon gyara wannan. Abin da ke hannunta shi ne cinikin da ke tsakaninta da mai nono, ciniki kuwa mai saurin karyewa ne a wannan yanki. Waɗanda suka ga abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, sa'ad da aka ƙone kasuwar Kafanchan, sun san yadda ƙwarya ke ɓacewa daga hanya in hankali ya tashi, mai lambu ma ya kasa zuwa fadamarsa. Inda ake zaune lafiya, ki nemi mace guda mai kawo nono unguwarku, ki ce mata, "Inna, madara nake so ta safe, wadda ba a taɓa ta da ruwa ba, ranar kaza da ranar kaza." Za ta gaya miki kuɗin da ya fi na nono, kada ki yi mata ciniki mai tsanani, domin man shanun da za ta cire ta sayar daban yana ciki, ke za ki ci shi. Ki ba ta mazubinki mai murfi wanda kika wanke da ruwan zafi, ki kuma roƙe ta ta iso kafin rana ta take, domin ɗanyar madara ba ta wuce 'yan awoyi cikin zafi ba ta fara juyawa ba.